Girma Ya Ƙaru, Albashi Na Nan Jiya I Yau

Da takardar canjin wurin aiki aka buɗe Jihar Jigawa. Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke sabuwar jiha daga tsohuwar Kano, kuma kafin a ce kwabo an shiga tankaɗe da rairaya a ma'aikatu: duk wanda asalinsa ya faɗo ɓangaren Haɗejia, Gumel, Kazaure, Ringim, Dutse ko Birnin Kudu, sai ya tattara nasa ya nasa ya nufi sabon babban birni. Dutse kuwa a lokacin hedikwatar ƙaramar hukuma ce, ba ta da ofisoshin da za su ɗauke ma'aikatu, balle gidajen da za su ɗauke iyalai. Da yawa suka bar mata da 'ya'ya a Kano suka koma 'yan sammako. Bayan 1999 Gwamna Saminu Turaki ya rarraba ma'aikatu zuwa manyan garuruwan jihar, da niyyar kai gwamnati kusa da jama'a. A 2007 Sule Lamido, ɗan Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, ya sake tattaro su Dutse. Sau uku ke nan cikin shekara 16 ana tayar da ma'aikacin Jigawa daga inda ya kafa murhu.

Kowane mataki daga cikin ukun nan yana da hujjarsa, kuma 'yan siyasa sun sha muhawara a kai. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ta kuɗi. Wa ya biya motar kwasar kaya, wa ya biya haya biyu, wa ya ɗinka wa yara sabbin kayan makaranta? Tambayar ba ta tsufa ba, domin abin da aka yi wa dubban mutane lokaci guda a shekarun nan uku, shi ake yi wa mutum ɗaya ɗaya kowane wata, a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a asibiti, a banki, har a gidan mai. Ana ɗaga mutum sama ko a matsar da shi gefe, ikon yin hakan yana hannun oga, ɗawainiyar kuma tana kan ma'aikaci, kuma ba kasafai ake samun takardar da ta fayyace wa zai biya me, daga yaushe.

A kudancin Jigawa abin ya fi fitowa fili, saboda tazarar da ke tsakanin gari da ƙauye. Birnin Kudu tana bakin babban titin da ya taso daga Kano. Tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da makarantar koyon aikin jinya, da tsohuwar Kwalejin Gwamnati da ta yaye irin su Abubakar Rimi da Aliko Ɗangote, da bankuna, da gidajen haya. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar ta haura mutum dubu 300. Amma a cikinta akwai Kantoga da Kwangwara da Wurno da Surko, kuma in an miƙa gabas zuwa Gwaram, mai iyaka da Jihar Bauchi, ga Fagam, Farin Dutse, Kila, Maruta, Tsangarwa da Basirka, da ɗimbin ƙauyukan da ke bayansu. Malamai biyu masu takardar NCE iri ɗaya, masu lebul ɗaya da sitef ɗaya, albashinsu ɗaya ne ko da ɗayan yana takawa da ƙafa zuwa makarantarsa a cikin gari, ɗayan kuma sai ya ratsa burji da rafi.

Lissafin ba ya buƙatar akanta. A ɗauka malamin da aka tura ƙauye ya bar iyalinsa a Birnin Kudu, yana ƙona lita ɗaya da rabi a babur zuwa da dawowa. A kwanakin aiki 22 ya sha lita 33. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa ƙarshen 2024 ta haye naira 1,000. Wato naira dubu 33 ta tafi a tanki, kusan rabin mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, wanda Gwamna Umar Namadi ya amince da shi a Jigawa. Ba a yi maganar faci da baƙin mai da sarƙa ba. Ba a kuma yi maganar damina ba, wadda a Agustan 2021 ta cinye gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka, mutum 21 suka rasu.

Takardar taransifa ba ta ce an rage masa albashi ba. Amma an rage.

Abin da ke biyo baya duk mai ɗa a makarantar ƙauye ya san shi. Malam yana isowa hantsi ya dubi ludayi, ya jingine babur a gindin darbejiya, ya sa hannu a rajista, ya shiga aji ɗaya ya ba ɗaya aikin kwafa a allo. Shi da abokin aikinsa sun raba kwanaki, wannan Litinin zuwa Laraba, wancan Laraba zuwa Juma'a, hedimasta kuma ya kau da kai don shi ma haka yake yi. Sauran ƙarfin da ya rage a kamun ƙafa yake ƙarewa: kansila, ciyaman na jam'iyya, surukin wani a ofishin sakataren ilimi, duk don a dawo da shi gari. Mai uwa a gindin murhu ya dawo cikin zango ɗaya. Marar kowa ya shekara goma. A haka ake wayar gari makarantar cikin gari malamai sun yi mata yawa har wasu ba su da aji, ta ƙauye kuwa mutum biyu ne ke riƙe da aji shida.

Mafi muni shi ne yadda aka mayar da ƙauye gidan horo. Ma'aikacin da ya yi wa oga gardama, ko aka gan shi a taron jam'iyyar da ba ta ci zaɓe ba, barazanar da ake yi masa guda ce: za a jefa shi inda ba sabis. Mutanen garin da aka jefa shi ba a tambaye su ba, alhali su ne za su karɓi malami ko ma'aikacin asibiti da ya zo da fushi, yana ƙirga kwanakin tafiya tun ranar da ya sauka. Cin fuska ne ga mutanen Maruta ko Kwangwara a ce garinsu ne bulalar da ake dukan mai laifi da ita.

Ba wai babu ƙa'ida a takarda ba. Dokokin aikin gwamnatin tarayya, waɗanda jihohi suka ɗebi yawancin nasu daga ciki, sun tanadi alawus ɗin kwana 28 na farko ga wanda aka sauya wa gari, don ya samu masauki kafin ya kama gida, da wani alawus na ɗawainiyar tashi ga wanda ba shi ya nemi canjin ba. Tsarin albashin ma'aikatan lafiya ma yana da alawus ɗin zaman karkara. Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, 2020, gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi wa malamai alƙawarin albashi na musamman, da alawus ɗin koyarwa a karkara, da ƙarin shekarun aiki. Batun shekaru ya zama doka a 2022, shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Alawus ɗin karkara kuwa, malaman firamare da dama har yanzu labarinsa kawai suke ji. Da ma shi ƙarin shekaru ba ya cin kuɗi nan take, shi ya sa ya riga sauran fitowa.

Ƙarin girma kuma nasa labarin ya fi wannan sarƙaƙiya. Tsarin lebul 1 zuwa 17 da ake amfani da shi ya samo asali ne daga rahoton hukumar Jerome Udoji na 1974. A ƙa'ida, wanda ke lebul 6 zuwa ƙasa yana cancantar ƙarin girma bayan shekara biyu, daga 7 zuwa 14 bayan shekara uku, daga 15 zuwa sama bayan huɗu. Mai NCE yana farawa daga 7, mai digiri daga 8. Sai dai cika shekaru cancanta ce kawai. Akwai fom ɗin kimanta aiki na shekara-shekara da oga zai sa wa hannu, akwai jarrabawa ko ganawa, akwai kuma sharaɗin samuwar gurbi. Ma'aikatan ƙananan hukumomi daga lebul 7 zuwa sama, al'amarinsu yana hannun hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi a Dutse, na malaman firamare kuma yana hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Fayil ɗin mutumin Fagam sai ya bi ta Gwaram ya isa Dutse, kuma a kowane tebur yana iya yin barci.

A ce duk an haye wannan, takarda ta fito. Nan ne ake gamuwa da wata dabara da ta zama ruwan dare a aikin gwamnati a Najeriya: takardar tana ɗauke da kwanan wata biyu. Na farko ranar da girman ya fara aiki a suna, na biyu ranar da kuɗi zai fara shiga. Tsakaninsu ana iya samun shekara guda ko fiye, kuma kuɗin wannan tsakanin ba bashi ba ne a wurin hukuma, an yafe wa kai ne tun a rubutu. Ko ranar ta biyun ma in ta zo, sai an shigar da canjin a na'urar biyan albashi. Ma'aikaci ya karɓi barka, abokai sun sa shi ya sayi lemo da tsire, a gida an soma kiransa da sabon muƙami, 'yan'uwa sun ƙara yawan buƙatun da suke kawowa. Ƙarshen wata alat ya shigo, ya duba waya sau biyu, adadin na nan jiya i yau. Abin da ya taru daga nan shi ne ariyas, kuma duk wanda ya saba karanta jerin buƙatun ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ko ta ma'aikatan lafiya ta JOHESU ko ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa a lokacin yajin aiki, ya san ariyas ɗin ƙarin girma ba ya ɓacewa daga jerin.

Jinkirin nan ba ƙaramar asara ba ce. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Bashin da aka riƙe shekara biyu a irin wannan yanayi, in an biya shi ba tare da ƙarin ko sisi ba, kusan rabin ƙarfinsa ya zube a hanya. Hukuma ta ci rance daga aljihun ma'aikacinta ke nan, ba da izininsa ba.

In kuɗin ya shigo ma, sau da yawa murna ce ke komawa ciki. Lebul-lebul ɗin suna hawa kan juna: wanda ya daɗe a lebul 8 har ya kai sitef na sama, albashinsa ya riga ya wuce na sabon shiga lebul 9. Idan aka ɗaga shi, sai a ajiye shi a sitef ɗin da ya ɗara tsohon albashinsa da kaɗan. A cire haraji, a cire kashi 8 na fansho, a cire na ƙungiya, bankin da ke bin sa bashi ya ɗauki nasa, ragowar ƙarin ba lallai ya sayi buhun taki ba. Kuma abin haushi, sau da yawa ƙarin girman yana zuwa ne tare da taransifa. An naɗa shi hedimasta, amma a wata makaranta mai nisan kilomita 30. Idan aka haɗa lissafin biyu, ya ci gaba a takarda, ya ci baya a kasuwa.

Kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda ake yi wa kallon sun fi gwamnati tsari, nasu salon daban ne amma sakamakon ɗaya. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda cikin wata uku da kama aiki, mai bayyana irin aikin, albashi, lokutan aiki da wa'adin sallama. Sashe na 10 ya ce ba za a miƙa ma'aikaci ga wani ubangida daban ba sai da yardarsa. Amma canji daga reshe zuwa reshe a cikin kamfani ɗaya, yawanci layi guda ne a takardar kama aiki ke hukunta shi: kamfani na iya tura ka duk inda ya ga dama. Matashin da ya shekara uku yana neman aiki ba ya tsayawa karanta wannan layin.

Akwai wani tarko da mutane ƙalilan suka lura da shi. Ma'anar ma'aikaci a sashe na 91 na dokar ta ware masu riƙe da aikin gudanarwa da na shugabanci da na ƙwararru. Wato ranar da aka ɗaga ɗan kanti ko mai lodin kaya ya zama manaja, ranar ce ya fita daga inuwar yawancin tanade-tanaden dokar, ya koma abin da kwantiraginsa ya ce kawai. A wurare da yawa kuɗin aikin bayan lokaci ma yana tsayawa daga ranar, tunda an ce manaja ba shi da lokacin tashi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta samu ƙarfi sosai bayan gyaran tsarin mulki na 2010, har tana iya hukunta rashin adalci a wurin aiki ko da kwantiragi bai ambata ba. Sai dai kafin kashiyan gidan mai a Gwaram ya ɗauki lauya ya yi ta zirga-zirga zuwa birni, ya ci albashin wata shida.

Ga kuma riƙon ƙwarya. Manajan reshe ya tafi, an ce wa mataimakinsa ya riƙe kafin a turo wani. Ya riƙe makulli, ya riƙe lissafi, in kuɗi ya yi ɓatan dabo shi za a kama, amma albashi na mataimaki ne. Shekara ta zagayo, sai ga baƙo an ɗauko daga waje da albashin da ya fi nasa nesa ba kusa ba, kuma shi za a ce ya koya wa baƙon aiki. Wannan ba halin Najeriya kaɗai ba ne. A 2011 wani malamin makarantar kasuwanci ta Wharton a Amurka, Matthew Bidwell, ya wallafa binciken da ya yi a wani babban kamfanin hada-hadar kuɗi. Ya gano cewa waɗanda aka ɗauko daga waje ana biyan su kusan kashi 18 cikin ɗari sama da 'yan gida da aka ɗaga zuwa irin muƙamin, alhali a shekara biyun farko 'yan gidan sun fi su iya aikin. Dalilin a bayyane yake. Baƙo yana ciniki ne da farashin kasuwa, ɗan gida kuwa ana auna ƙarinsa da tsohon albashinsa, kuma kamfanoni da yawa sun sa iyakar kason da ba a wucewa. Ma'aikatan banki sun daɗe da gane karatun: hanya mafi sauri ta hawa mataki ita ce a bar bankin a koma wani.

Haka ma ƙa'idar neman canji a cikin gida. Galibi sai mutum ya cika shekara ɗaya ko biyu a kujerarsa, sannan sai ogansa na yanzu ya sa hannu. Sharaɗin farko yana da ma'ana, don ba a gina reshe da mutanen da ke tashi duk wata shida. Na biyun ne matsala. Wane manaja ne zai saki yaron da ya fi kowa riƙe masa aiki? Malalaci ake saurin sa wa hannu. Mai ƙwazo, ƙwazonsa ne ya zama turken da aka ɗaure shi.

Duk wannan ma maganar masu takarda ce. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma a Birnin Kudu da Gwaram nan ne akasarin aikin yake: makarantun kuɗi, kemis, gidajen mai, injinan casar shinkafa, shagunan POS. A irin waɗannan wurare ƙarin girma baki ne kawai. Abin lura shi ne tsohon tsarin kasuwa ya fi su gaskiya. Yaron shago a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram ya san ba albashi yake ci ba, amma ya san inda tafiyar ta nufa. In maigida ya buɗe masa rumfa a Basirka, ci da masauki suna wuyan maigida, kuma bayan wasu shekaru akwai sallama da jari. Ba a rubuta ba, amma an yi a gaban iyaye da dattawan layi, kuma ɗan kasuwar da ya ci amanar yaronsa zai ji a jikinsa ranar da ya nemi wani yaron ko ya nemi bashin kaya. Ana samun masu zalunci, ba shakka. Amma akwai shaidu, akwai kunya. Kamfanin zamani ya ajiye shaidun, bai kuma kawo cikakkiyar takarda a madadinsu ba.

Masu ɗaukar aiki suna da abin cewa, kuma ba duka ne son zuciya ba. In aka ce ba a tura kowa ko'ina sai da yardarsa, asibitin Farin Dutse ba zai ga ungozoma ba har abada. Gwamnatin da ke biyan albashin dubban mutane daga kason da ke hawa da sauka kowane wata ba za ta iya ɗaga kowa a rana ɗaya ba. Jigawa ma ta yi suna wajen biyan albashi a kan kari, abin da jihohi da dama suka kasa. Duk gaskiya ne. Amma hujjar tana kare ikon turawa ne, ba ta kare turawa kyauta ba. Kuma hukumar da ta san shekarar da ta ɗauki kowane ma'aikaci, ta san shekarar da zai cika uku. Ƙarin girma ba ambaliya ba ce da ke zuwa ba sanarwa. Kasafin kuɗin da bai tanade shi ba, da gangan ya bar shi.

An kuma gwada hanyoyin kai ma'aikata karkara, an ga wadda ke tafiya da wadda ke tsayawa. A 2009 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi ƙauyuka, aka raba alawus ɗinsu gida uku: tarayya naira dubu 30, jiha dubu 20, ƙaramar hukuma dubu 10 da masauki. A wurare da yawa a ƙasar nan kason tarayya kaɗai ke zuwa, masauki kuma babu, sai ungozomomin suka riƙa sulalewa. Shirin Women for Health kuwa, wanda Birtaniya ta tallafa daga 2012 a Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, ta wata ƙofar ya shigo. Ya ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyukan kansu, da yardar iyaye da mazaje da masu gari, aka yi musu shekarar share fage, suka shiga makarantun jinya da ungozoma da sharaɗin komawa gida su yi aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2010 abin da take ba da shawara ke nan: a ɗauki 'yan karkara, a ƙara musu kuɗi, a gyara musu wurin zama, a kuma buɗe musu hanyar ci gaba ba tare da sai sun bar ƙauyen ba. Ga mace musamman, wadda taransifa ke nufin ko ta bar miji da yara ko ta bar aikin, wannan ya fi kowace barazana amfani.

Wannan batu na ƙarshe, ci gaba ba tare da tashi ba, shi ne aka fi sakaci da shi. A tsarin da ake ciki, ladar malamin da ya iya koyarwa ita ce a cire shi daga aji a ba shi ofis, ladar ma'aikaciyar jinya mai hannu ita ce a mayar da ita mai cike fom a hedikwata. In kuma likita ne ko nas, bambancin albashin jiha da na tarayya ya isa ya ja shi, wani lokaci ba tare da ya sauya unguwa ba, tunda asibitin tarayyar yana nan cikin Birnin Kudu. Ƙauye ne ke renon ma'aikaci lokacin da bai iya komai ba, gari ya karɓe shi lokacin da ya ƙware.

Ƙasashen da suka fi Najeriya tsananin al'adar tura ma'aikaci sun soma ja da baya. A Indiya, inda wani jami'i mai suna Ashok Khemka ya sha taransifa sama da sau 50 saboda yawan tona asirin badaƙala, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013 cewa a sa wa manyan ma'aikata mafi ƙarancin wa'adi a kowace kujera, kuma kwamiti ne zai riƙa duba canje-canje. A Japan, inda aka saba kamfani ya tura magidanci wani gari shi kaɗai na tsawon shekaru, tun Afrilun 2024 dole ne a rubuta wa ma'aikaci tun ranar ɗaukarsa iyakar wuraren da za a iya tura shi da irin ayyukan da za a iya mayar da shi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin SUBEB ko hukumar ma'aikatan ƙananan hukumomi ko wani kamfani mai reshe a Birnin Kudu. A ware makarantu da asibitocin da ke da wahalar zuwa, a liƙa sunayensu a allon sanarwa kowa ya gani, a ɗora musu alawus da zai biya man babur da gaske. A sa wa'adi, shekara uku misali, wanda ya cika ya samu damar zaɓar inda zai koma ko a gaggauta masa hawa mataki in ya zaɓi zama. Riƙon ƙwarya da ya wuce wata shida, ko a tabbatar ko a biya bambancin. Neman canji a cikin kamfani ya bi ta ofishin ma'aikata, oga ya faɗi ra'ayinsa amma kada ya zama shi ne mai makulli. Takardar ƙarin girma kuma ta ɗauki kwanan wata ɗaya, ta faɗi sabon lebul da sitef da adadin kuɗi. Reshen ƙungiyar malamai ta NUT da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE da ƙungiyar ma'aikatan lafiya, waɗanda ƙarfinsu ya fi tafiya kan mafi ƙarancin albashi duk bayan 'yan shekaru, nan ne ya kamata su dage, don wannan ne ke taɓa mambobinsu kowane wata.

Akwai dalili na musamman da ya sa kwanan watan ke da nauyi a Jigawa. Tun 2001 jihar ke da nata tsarin fansho na karo-karo, ma'aikaci yana ba da kashi 8, gwamnati kashi 17, kuma jihohi da dama sun turo wakilai Dutse su koyi yadda yake tafiya. A irin wannan tsari, fansho da giratuti suna rataye ne da shekarun aiki da albashin da mutum ya ajiye aiki a kansa. Waɗanda aka ɗauka a farkon shekarun 1990, lokacin da sabuwar jiha ke cike guraben ma'aikatunta, yanzu ne suke cika shekara 35 a bakin aiki, wa'adin ritaya. Duk wanda fayil ɗinsa ya kwana a wani tebur har ranar ritaya ta riske shi a tsohon lebul, da tsohon lebul za a yi masa lissafi, sai dai in ya koma bin ofis-ofis neman gyara, a shekarun da ba shi da albashin da zai biya kuɗin motar zuwa Dutse.